Saura Ƙusa

Ranar Talata Kafinta ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, gizago a hannu. Maƙwabcinsa Malam, tsohon malamin makaranta, yana karatu a bakin taga ya ji faɗuwar.

Aikin Malam ne a kan teburin shagon. Tun rasuwar matarsa ya sa a sassaƙa masa Yesu a kan gicciye, irin na cikin littattafansa: haƙarƙari a waje, kai a sunkuye. Ya ce shi wanda ya san ciwo yake so a ɗakinsa, sauran duk surutu ne.

Hannun Kafinta kuwa ya ƙi. Duk fuskar da ya fitar sai ta zo a sake.

"Wannan ne gicciyayyen?" in ji Malam ranar da ya fara gani. "Ai miƙa yake yi, kamar wanda ya ƙoshi da barci."

"To ai ya tashi, Malam."

"Juma'ar gicciye na ce ka yi mini, ka kawo mini Lahadin tashi."

"Juma'a ta wuce tuni. Kai ne ka shimfiɗa tabarma a cikinta."

Malam ya mai da dariyarsa tari. Daga nan kullum da hantsi sai ya jawo benci ya zauna cikin ɓawon katako, wai ya zo duba ɓarnar da ake yi masa.

Da aka kwantar da Kafinta a ɗaki, can bencin ya koma. Matar Kafinta na yi masa fifita, shi yana murmushi da rabin baki.

"Saura ƙusa," ya ce. "Na ɗaga guduma, na kasa."

"Raggo. Ka warke ka ƙarasa mini aikina."

"In na tashi."

Da safe Kafinta ya cika, ana shara a tsakar gida.

Bayan 'yan makoki sun watse, matar ta shigo wa Malam da abu naɗe a zane, da gwangwanin ƙusoshi.

"Baba, ga naka. Ya ce kai ka fi shi ƙarfin zuciya."

Malam ya warware zanen: gicciye daban, sassaƙen Yesu daban. Ya jingina gicciyen a bayan ƙofa. Ya juya sassaƙen, ya shafa tafukan da ba a huda ba, sannan ya tsayar da shi a taga, littattafai sun tokare masa baya. Rana ta sauka a kan buɗaɗɗun hannuwan.

Ya dubi rufaffen shagon a ƙetaren titi.

"Bar shi haka," ya ce a hankali. "Ya yi."