Zare a Bakin Leokadia

Tun da Leokadia ta yi wayo ba ta taɓa sa rigar da wani hannu ya ɗinka ba, in ban da hannun uwarta, sai kuma nata. Duk unguwarmu ta bakin kogi a garin Sanok an san da wannan, domin ita ba ta bari a manta. In ta ga mace ta fito daga coci da rigar kanti, sai ta bi ta da ido tun daga kafaɗa har ƙasa, ta taɓe baki ta ce, "Allah sarki, an auna wata, ke kuma kin saya." Ta doshi tamanin yanzu, amma bakin nan ko kaɗan bai dushe ba.

Shi ya sa kowa ya san za a yi rikici ranar da 'yarta Mirka ta shigo da riga a leda. Bikin Jagoda ya matso, 'yar Mirka ce, kuma ita kaɗai ce jikar Leokadia.

"Mama, gwada dai kawai za ki yi. In ba ta yi ba, a mayar."

"Mayar da ita tun yanzu, kada ta saba da gidan."

"Haba Mama! Idonki fa ba kamar da ba."

"Idona ya ga bakin kalmasar nan ya karkace tun daga ƙofa. Ke da mai kyawun ido, kin gani?"

Mirka ta kwashi ledarta ta fita tana ƙunƙuni. Ita ma ta ba hamsin baya, tana aiki a ɗakin sayar da magani, ana ganin girmanta a gari, amma a gaban uwarta har yau yarinyar nan ce da ta ƙi koyon riƙe allura.

Da ƙofa ta rufu, Leokadia ta janyo kujera ta hau, abin da likita ya hana ta, ta sauko da wani ƙunshi daga saman kabad. Yadi ne shuɗi mai duhu, gabansa na ɗan sheƙi, bayansa a dushe. Ta saye shi tun zamanin layi, lokacin da in ka hangi mutane sun jeru a ƙofar kanti sai ka fara shiga layin kafin ka tambayi abin da aka kawo. Ta tsaya masa tun safe cikin ƙanƙara har ƙafafunta suka mutu. Da ta kawo shi gida sai ta ga ya fi ƙarfin kowace rana. Bikin Mirka ya zo ya wuce, ta ce tukuna. Mijinta Ludwik yakan tsokane ta ya ce, "Lodzia, wannan yadin sai ya binne mu duka." Shi kam yadin ya binne shi.

Wanda bai ga kicin ɗin Leokadia a wancan zamanin ba, bai ga komai ba. Keken ɗinki na ƙafa a gindin taga, tukunyar miyar kabeji na tafasa, mata uku huɗu zaune a kan benci kowacce da ƙunshinta a cinya. Wannan ta kawo kwat ɗin mijinta a farke shi a juya ciki ya koma waje, waccan ta kawo zanin gado a fitar wa yara riguna. A ƙasa tsofaffin jaridu ne da aka yanka siffar hannu da wuya, da ƙyallaye, da yara suna tsintar fil. Babu komai a kanti, amma ran Lahadi in matan unguwarmu suka fito, sai ka rantse daga babban birni aka sauke su. Yau kuwa komai ya cika kanti, kowa kuma ya yi kama da kowa. Leokadia tana kewar hayaniyar nan ƙwarai, ko da yake a lokacin kullum cewa take sun hana ta sakat.

Ta shimfiɗa yadin a kan tebur, ta shafa shi, ta zana da alli. Almakashi ya shiga da wannan ƙarar da take so. Kwanaki ta yi tana aiki da safe in haske ya yi kyau. Zura zare a allura ya zama yaƙi, amma da ƙafarta ta hau keken sai jikinta ya tuna komai. Gaba ya haɗu da baya, wuya ya zauna. Sai da ta zo ɗora hannuwa, ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga ɗayan, sannan ta tsaya cak.

Duk biyun na hagu ne.

Ta manta ta kifa takardar siffar hannun kafin ta yanka na biyu. Ba kuma yadda za a juya shi, domin bayan yadin a dushe yake, ko makaho ya shafa zai gane. Abin da ya rage bai wuce ƙyallen goge tabarau ba. Kuskure ne da ko 'yar koyo takan yi sau ɗaya, a sha dariya, ba ta ƙara ba. Leokadia ba ta taɓa yin sa ba, ko tana yarinya.

Ta zauna a kan benci. Ba hannun rigar ne ya tsorata ta ba. A 'yan watannin nan ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta tsaya a tsakiyar kasuwa da jaka a hannu ba ta san abin da ya kawo ta ba. Ta kira Jagoda da sunan ƙanwarta da ta rasu tun suna 'yan mata. Duk ta ɓoye, tana gaya wa kanta cewa muddin hannunta na iya fitar da riga, to kanta na nan daidai. Ga shi yanzu rigar da kanta ta ba da shaida.

A haka Mirka ta same ta ran Asabar da hantsi, ta shigo da burodi da dankali. Ta dubi uwarta, ta dubi hannuwan nan biyu kwance a kan tebur suna kallon gefe guda. Ba ta san ɗinki ba, amma a gidan tela ta tashi. Leokadia ta shirya jin maganar rigar leda, har ta tanadi amsa. Mirka ta ajiye kayan, ta cire kwat ɗinta ta rataye.

"Akwai yadda za a yi?"

Leokadia ta ce, "A rage tsawon rigar. Abin da aka yanke daga ƙasa zai ba da hannu, sai dai gajere, iya gwiwar hannu. A datse ɗayan su yi daidai."

"To ai shi ke nan."

"Shi ke nan a bakinki. In an yanke ƙasa, sai an daidaita kalmasa a jikina. Bayana ya ranƙwafa, rigar za ta ɗage ta baya. Kafaɗa ma sai an kama ta ina sanye da ita. Da Genia ke yi mini." Genia maƙwabciyarta ce, tare suka yi zamanin benci, bara aka kai ta makwanci.

"Ga ni ai."

"Ke? Ke da maɓalli ya fi ƙarfinki?"

"To kira Genia."

Maganar nan ta soke ta. Leokadia ta harare ta, ta ja tsaki, ta ɗauki almakashi.

Kafin azahar an fitar da hannun dama, an ɗora duka biyun. Leokadia ta sa rigar ta tsaya a tsakiyar kicin inda hasken taga ke faɗowa. Mirka ta zura zare, ta durƙusa da ƙyar tana dafa gwiwa, ta kama bakin rigar.

"Tsaya!" in ji Leokadia. "Ba ni zare."

A wajenmu ba a ɗinka tufa a jikin mutum sai ya riƙe guntun zare a bakinsa, ya yi shiru har a gama. In ba haka ba, an ce za a ɗinke masa hankali tare da rigar, ya riƙa mantuwa. Babu yaron da ya tashi a unguwar nan da Leokadia ba ta cusa wa zare a baki ba, tana ɗaure masa maɓalli a tsaye yana sauri zai tafi makaranta.

Mirka ta kwashe da dariya. "Mama, har yanzu? Wannan ai dabara ce ta hana yara motsi." Ta ɗaga kai, ta ga fuskar uwarta, sai dariyar ta tsaya. Babu wasa a idon tsohuwar, tsoro ne zalla. Mirka ta gutsuro zare fari ta miƙa mata. Leokadia ta cije shi da ƙarfi.

Ai kuwa sai ga abin da unguwarmu ba ta taɓa gani ba: ana ɗinki a gaban Leokadia, ɗinkin ma na banza, ita kuma ba ta da bakin magana. Mirka na tafka ɗinki manya-manya kamar mai ɗinke buhu. Leokadia ta yi gurnani, ta buga ƙafa, ta nuna da yatsa.

"Tsaya cak, kada in soke ki. Haka kike ce mini, ko kin manta?" Mirka ta ciji leɓe, ta gane kalmar mantuwa ce ta fita daga bakinta. Ta yi saurin ci gaba. "Allah ya kawo ranar da zan yi magana a kicin ɗin nan ba a katse ni ba. Yau sai na more."

Ta kuwa more. Ta tuno kwat ɗin babanta da aka juya aka mayar nata, mai aljihu a gefen da ba nasa ba. Ta tuno rigimar da suka yi a kan wandon jins, ita tana kuka tana cewa kowa na da na kanti, uwar ta ɗinka mata na gida, ta ƙi sa shi har ya yi mata kaɗan. Tana magana tana zagaya uwarta a kan gwiwa, muryarta na yin laushi a hankali.

"Kin san wadda na fi so duk a ciki? Rawayar nan, ta ranar rufe makaranta, da aka ce in hau dandamali in yi rawa. Mai buɗewa in na juya. Yara suka yi ta ce mini labule, labule, na dawo ina kuka na jefar da ita, amma in ba kowa a gida sai in ɗauko in sa, in yi ta juyi a gaban madubi. Ban taɓa gaya miki ba. Na ba Jagoda labarin, na ce kakarki daga labulen kicin ta fitar mini da rigar da ta fi ta kowa."

Leokadia ta ji maganar har cikin ƙirjinta. Labule! Rigar ta tsaya mata a ido sarai, fiye da abin da ta ci da safe. Siliki ne rawaya, shi kaɗai uwarta ta bar mata. Da shi ta je rawar bazara a filin bakin kogi, inda wani dogon saurayi mai manyan kunnuwa ya taka mata ƙafa ya ce sunansa Ludwik. Shekarar da aka zaɓi Mirka ta yi rawa babu yadi a gari ko na magani. Ta ɗauko rigar ta farke ta, ta ce wa Ludwik asu ne ya cinye. Ba wanda ya sani, ko Genia. Yanzu in kanta ya tafi, labarin ya tafi, abin da zai rage a duniya shi ne labulen kicin.

Allurar na cikin yadin, a daidai kafaɗarta, tana jin sanyinta a fata. Ta cije zaren, ta ƙara cijewa. Sannan ta tofar da shi a ƙasa.

"Labulen uban wa? Mu da muke rufe taga da jarida, ina muka ga labulen siliki? Rigata ce. Da ita ubanki ya fara ganina."

Hannun Mirka ya tsaya. Leokadia ta ba ta labarin duka, da filin, da masu kiɗan, da takalmin aro da ya matse ta, da kunnuwan Ludwik da suka yi ja, da ƙaryar asu. Ta faɗi har irin maɓallan da ke bayan rigar. Ba ta rasa ko kalma ɗaya ba. Mirka na tsaye a bayanta, hawaye na sauka a kan shuɗin yadin.

"Kada ki ɓata mini riga, ruwa na barin tabo a wannan yadin."

Mirka ta share ido da bayan hannu, ta laluba ta gutsuro wani zaren ta miƙo mata ta kan kafaɗa. "Ungo, Mama. Ban gama ba."

Leokadia ta dubi zaren, ta ture hannun a hankali.

"Bar shi. Ci gaba da ɗinkinki, abin da zai ɗinke ya ɗinke. Na riga na ba ki labarin, yanzu ke ce mai riƙe da shi." Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa. "Kuma ki rage girman ɗinkin nan, don Allah. Biki za ni, ba kasuwar dankali ba."