Ƙetarar Malam Enoch

"Ba a jirginmu ba," in ji Hammadu, bai ko ɗago kai daga komar da yake ɗinki ba. "Jirgin da yaɗ ɗauki gawa, kifi gudu nai shikai, mutane ma haka. Mi za mu ci?"

"Baba, ai da ran shi," in ji ɗansa Dauda.

"Yanzu dai."

Ta bayan dangar da ta raba gidajen biyu ana jin tarin Malam Enoch, kwana tara ke nan. So yake a kai shi ƙauyensu a ƙetaren tafki, ya cika cikin danginsa. Damina ta cinye hanyar mota, masu jirage kuma kowa ya rantse injinsa ya lalace. Injuna goma sha biyu a yini ɗaya!

Dauda ne kawai bakinsa ya kasa wannan ƙarya. A firamaren garin, da can baya 'ya'yan masunta suke zama, wai suna ƙarnin kifi, 'ya'yan Kambari manoma na gefe guda, kowa da moɗarsa. Malam Enoch ya ce bai san zancen ba. Kowace Litinin sai ya sake wa yara wurin zama: benci ɗaya, ɗan masunci da ɗan manomi da ɗan kasuwa. Iyaye suka kai ƙararsa har Yelwa, Hammadu ne a gaba. Ranar da aka fara zaunar da Dauda a bencin gaba, kasa ɗaga kai ya yi don kunya. Har bana da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka sake allon makaranta, Malam bai sake hali ba.

Dauda ya zaga ya same shi kwance, matarsa Esther na masa fifita.

"Dauda," Malam ya ce da ƙyar, "ɗiyarka Yasira da wa take zaune wanga sati?"

"Da ɗiyar fasto, Malam."

"Madalla. Kada ka bari tsohonka shi ɗauke ta."

Bayan azahar Dauda ya goya shi zuwa bakin ruwa, Esther na biye da su. Muryar Hammadu ta biyo shi: "In yac cika ciki, ka ƙone jirgin can, kada in gan shi."

Suna tsakiyar tafki tarin ya tsaya. Hannun Malam ya sulale ya taɓa ruwan da ke ƙasan jirgi. Dauda ya gani, kuma jirgin ne ya fara faɗo masa a rai kafin mamacin. Wannan kunya ta fi masa komai ciwo. Babu komawa, gaci da nisa, ga jirage uku na masuntan unguwarsu a gaba suna jan koma, duk sun zubo ido.

"Inna..." ya ce.

Esther ta dube shi sau ɗaya. Ta ɗago hannun mijinta ta sa cikin zane, ta gyara kansa a cinyarta, ta ɗauki faifanta.

"Sannu Malam! Ya jikin?" Umaru, ɗaya daga cikin masuntan, ya ƙwala kira daga jirgin farko.

"Da sauƙi, ɗana," ta amsa, murya ko rawa babu. "Barci yaɗ ɗauke shi."

Dauda ya riƙe kan injin da hannu biyu. Jiragen suka koma ƙanana a bayansu, har suka ɓace, ita kuwa hawaye na ɗiga a goshin Malam, ba ta daina fifitar ba.