A Tashe Ta Su Gaisa

"Tashe ta," in ji Ummukulsum. "Tun daga Mashi suka taso, sa koma ba su gaisa ba?"

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannuna. Inna Kyauta ta samu barci ke nan, tana jingine da buhun gero da aka ɗora wa filo, ƙafafunta kumburarru a miƙe kan tabarma. Na ce, "Haba Ummukulsum, yanzu fa idonta ya rufe. Su zauna a inuwa su sha ruwa, in ta farka sa shigo."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Rauda, mahaifiyarki ce ko tawa?"

Ta sunkuya ta girgiza kafaɗar tsohuwar. "Inna, Inna, ga mutanen Mashi." Inna ta zabura tana laluben mayafi. Mata suka cika ɗakin, kowacce da tata gaisuwar, ya jiki, ya gida, ya muka ji da wannan ciwo. Ita kuwa tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, tana haki a tsakani. Na ajiye kwanon na fita, don in na tsaya bakina ba zai yi shiru ba.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Tun da aka kawo ni unguwar nan amarya na same ta tana suyar ƙuli-ƙuli, kuma ban taɓa ganin ta mayar da mutum daga ƙofarta ba. Da ciwon ya kwantar da ita, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa yake taruwa mata a jiki. Aka sallamo ta da magani. 'Yarta Ummukulsum ta zo jinya, ɗanta Alhaji Ma'aruf, dillalin shanu, ya ce ko me ake bukata a faɗa.

Abin da ake bukata kuwa Sista Raihana ta faɗa tun ranar farko, ina wurin. Ita ce nas ɗin da ta kula da Inna a asibiti, kuma a bayan layinmu take, in ta tashi aiki takan biyo. Ita ta sa aka jawo buhun geron nan.

"Kar a kwantar da ita a shimfiɗe," ta ce. "In ta miƙe, ruwan ƙirji zai hau, numfashi ya ƙwace. A jingine za ta yi barci. Da safe ta taka zuwa gindin darbejiya ta dawo. In ta fara haki ta zauna. Kar a hana ta, kar kuma a tilasta mata."

Inna ta ce, "'Yar nan, man shanun da ake shafa mini a baya fa?"

"A shafa, Inna, zai sa ki ji daɗin jikinki. Addu'a a yi ta yi. Zogale a miya ba laifi, a dai rage gishiri. Amma kanwa, ko a kunu ban yarda ba. Jiƙon da aka kawo a gora ba a san me ke ciki ba, kar ya shiga bakinki." Sai ta juya ga Ummukulsum. "Babban abin shi ne barci. Da dare ba ta samu, tari ba ya barinta. Daga azahar zuwa la'asar a bar ta ita kaɗai, ko wa ya zo ya jira."

Ummukulsum ta kama haɓa. "Mu tsare masu dubiya? A garin nan? Gobe a ce gidan Alhaji Ma'aruf sun yi arziki sun rufe ƙofa."

"Ban ce a kori kowa ba, Yaya. Na ce su jira."

Ba wanda ya jira. Wallahi ban san Inna tana da dangi haka ba sai da ta kwanta. Daga Dutsi, daga Mashi, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da gorarsa. Wannan ta ce jiƙon nan shi ya tayar da mijinta, waccan ta ce nata da jar kanwa aka haɗa, yana sauke kumburi nan take. Kuma ba sa ajiyewa su tafi, a'a, sai sun tsaya sun ga an kurɓa. Na taɓa riƙe hannun Inna ƙoƙon yana dab da bakinta, ta janye a hankali.

Da suka fita ta ce, "Tun daga Dutsi ta ɗauko shi, Rauda. In ce mata ba na sha?"

"Ki ce mata mana, Inna! Ranki ne fa."

"Ba a yin haka."

Kumburin ya haura gwiwa. Takun safen ma ya tsaya, don Ummukulsum ta ce wace irin jinya ce wannan, a ga mara lafiya tana yawo a tsakar gida kamar ba masu kula da ita. Sista Raihana ta tare Alhaji Ma'aruf a zaure ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Sista, mun gode. Can asibiti ne, nan kuma gida ne."

Wata rana bayan azahar na shiga na tarar Ummukulsum ta fita cefane. Idanun Inna sun yi ja, sun faɗa. Ta yafito ni da hannu.

"Rauda, ɗakinki da mutane?"

"Ba kowa, Inna."

"Ki kai ni. Ɗan kaɗan zan yi, don Allah."

Tsohuwar da ta aurar da jikoki tana roƙon wurin barci kamar mai roƙon ruwa. Hawaye suka zo mini. Na kama ta, muna takawa muna tsayawa, har ɗakina. Na tara mata filo da ƙunshin kayan wanki a bayanta. Kafin in gyara mata mayafi ta yi barci. Na zauna a bakin ƙofa ina korar kaji, ina jin numfashinta yana sauka a hankali, raina ya yi sanyi.

Barcin bai daɗe ba. Na ji sallamar Ummukulsum tun daga zaure, irin wadda ba ta jiran amsa.

"Surukan Alhaji sun zo sun tarar da ɗaki wayam! Me kike so a ce? Mun kasa jinyar uwarmu maƙwabta sun ɗauke ta?"

"Ki ce musu barci take yi."

"Matsa mini."

Ta tashe ta. Inna ta buɗe ido ta dube mu, ta miƙa hannu a ɗaga ta. Daga ranar aka daina amsa mini sallama da daɗi, amma ban daina shiga ba.

Ranar Juma'a aka ce abokan Alhaji na kara, kasuwar shanu, za su zo dubiya in an sauko daga masallaci. Da hantsi sai ga gado sabo fil a bayan mota, da katifa da zanen gado mai fure. Alhaji ya ce shi ba zai kawo manyan mutane su ga mahaifiyarsa jingine da buhu ba. Aka fitar da buhun, aka kwantar da ita. Na cusa mata filo uku a bayanta har ta ɗago, Ummukulsum ta zare biyu ta bar guda ɗaya, ta ce haka ya fi kyan gani.

Suka zo da manyan riguna, ƙamshin turare ya cika ɗakin. Wasu na fita wasu na shiga. Daga tsakar gida ina jin muryarta. "Da sauƙi. Alhamdulillahi. Da sauƙi." Muryar tana raguwa, har na daina jin kalma, sai wani ƙara a maƙogwaro kamar tukunya ta fara tafasa. Na kira Sista Raihana a waya.

Ta iso a kan babur da fararen kayanta, ta kutsa cikin mazan ba ko gaisuwa. Ta rungumo Inna ta zaunar da ita, tana cewa a buɗe taga, a kawo mota, a ba ta wuri. Kumfa ta riga ta fito a gefen baki. Kafin a juyo da motar, kan Inna ya faɗa a kafaɗarta. Sista ta daɗe a haka tana riƙe da ita, sannan ta shafa mata ido.

Wani cikin baƙin ya ce, "Lokaci ne." Na sani. Ban taɓa musun cewa rai na Allah ba ne. Amma na ji haushi, kuma har yau ina ji, ko an ce in bari ba zan iya ba.

Aka yi mata wanka, aka sa ta a likkafani, ana jiran maza su haɗu. Tsakar gida ya cika da mata har bakin zaure, amma ko tari ba ka ji. Ummukulsum tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, fuska duk hawaye, duk wadda ta matso sai ta ɗaga mata hannu ta ce, "A hankali. A rage murya."

Wata mata ta shigo daga waje, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta ratsa tsakar gidan da sanɗa.