Shuɗin Zare a Hannun Riga

Reza na hannunta, riga ta goma sha ɗaya na kan cinyarta, sa'ad da surukata ta ga shuɗin zaren.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, don ni na san kaki tun kafin a haifi iyayen wasunku. Kamfanin ɗinkin da take aiki na wani ɗan kwangila ne, wanda ƙanin matarsa ke zaune a majalisa. A takarda, sababbin kayan soja ake ɗinkawa. Amma duk Litinin wata babbar mota kan shigo ta ƙofar baya ta sauke diloli, a kwance su a ɗakin ƙarshe, inda mata tara ke zaune. Riguna ne da aka riga aka sa, sun dawo daga bakin daga babu masu su. Aikin matan shi ne su cire ƙyallen sunan da ke saman aljihu, su jefa a kwando, su yi wa hujin faci mai kyau, a goge, a naɗe a leda, a sake sayar wa gwamnati a matsayin sabuwa. In an tashi aiki, manaja ya juye kwandon a ganga ya cinna wuta. Rediyo kuwa kullum cewa take ana samun nasara, ba a yi asarar rai ba.

Matan nan suna da wata dabara da ba wanda ya koya musu. Kowacce in ta ɗauki riga sai ta juya ta baibai, ta bi zaren da reza ta ciki, ƙyallen ya faɗo a kife, ta ture shi cikin kwando da gefen hannu. Ta haka mace za ta shekara ba ta karanta suna ko ɗaya ba.

Ranar da surukata ta fara ba ni labarin dabarar, yabawa na yi. Na ce mata ai haka na tsira. Ni ɗin nan da kuke gani, ban taɓa taka aji ba, ɗan karatun da na iya a jikin akwatunan harsashi na koya, amma na yi yaƙi na dawo da ƙafafuna, da ɓarɓashin ƙarfe a kwankwasona har yau. Gwamnati shida ta wuce a gabana ina zaune. Masu digiri da masu baki duk na raka su makabarta. Sirrin ɗaya ne: in manya na abinsu, ka dubi ƙasa.

To, juya rigar baibai ɗin shi ya nuna mata abin da ba ta so gani ba.

A gidan hayar da muke akwai Mai Wanki, mace mai shekaru, wadda ke wanki da guga tun ɗanta ɗaya tilo na goye. Dogo muke ce masa, don in zai shiga ɗakin uwarsa sai ya sunkuya. Da aka ɗauke shi soja aka ba shi kaki, hannun rigar bai kai wuyan hannunsa ba. Surukata ta ƙara masa tsawo, tana cikin ɗinkin koren zarenta ya ƙare, ta ƙarasa ta ciki da shuɗi. Ta ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ce ba mai gani sai Mama in ta zo wanki. Wata bakwai ke nan da tafiyarsa, wata biyu rabon da ya kira. Uwar ta je bariki sau uku, sau uku ana ce mata babu layin waya a inda suke.

Surukata ta shafa ɗinkin da yatsa. Hannunta ne, ta san yadda take ƙulle bakin zare. Sai ta yi abin da ba a yi a ɗakin nan: ta mayar da rigar daidai, ta shimfiɗa ta a cinya, ta karanta sunan. A ƙarƙashin aljihun hagu akwai huji kamar faɗin babban yatsa. Na bayan ya fi tafin hannun jariri. Ni na san ma'anar wannan, ba sai likita ya faɗa min ba.

Wadda ke zaune kusa da ita, wata dattijuwa mai tabarau, ta leƙo ta ga rigar a buɗe. Ba ta daina aikinta ba, ƙasa-ƙasa ta ce, "Juya ta, 'yar nan. Ba mu gani ba."

"Na riga na gani, Yaya."

Dattijuwar ta ce to ta manta, mantuwa ma aiki ce, kuma ita ce ke biyan kuɗin makarantar yara.

Surukata ta duƙunƙune rigar a ƙarƙashin mayafi ta shiga banɗaki. Can ta tuɓe doguwar rigarta, ta sa kakin Dogo a jikinta, ta naɗe hannayen sau uku, ta mayar da tata a kai. Da ta dawo ta sunkuya kamar rezarta ce ta faɗi, ta damƙi ƙyallaye cike da hannu daga kwando ta cusa a ƙirji. Mata takwas na zaune. Kowacce idonta na kan cinyarta.

Ta samu manaja ta ce ba ta jin daɗi, za ta tafi gida. Ya ce ba a barin aiki ranar dila, in ta fita yanzu kada ta wahalar da kanta da dawowa gobe, mata arba'in ne ke zuwa ƙofa kullum neman kujerarta. Ya san gidanmu sarai. Ya san ɗana, mijinta, na zaune tun da aka rufe masana'antar da yake, ya san ɗinkinta ne ke ciyar da mu mu bakwai har da ni. Ta ce ta ji, ta ɗauki jakarta.

A bakin ƙofa ka'ida ce mai gadi ya caje duk mai fita. Ya buɗe jakar da hannu ɗaya, ɗaya kunnen na kan rediyonsa, ana hirar ƙwallon da za a buga da yamma. Ta ce min kwalar kakin ta leƙo ta wuyanta, kuma ta tabbata ya gani, don idonsa ya tsaya a wurin. Sai ya rufe jakar ya miƙa mata ya ce ta sauka lafiya, ya ƙara muryar rediyo.

A bas ma haka. Rana na tsakiya, tana sanye da riga biyu, gumi na bin bayanta yana shiga hujin. Aka tsayar da su a mahaɗa kusan rabin awa, wani babba zai wuce. Fasinjoji suka manna fuska a taga suna gardamar wace mota ce ta fi tsada a cikin jerin. Wani tsoho ya ce ko ina aka kwana a maganar yaƙin nan, kwandasta ya ce yaƙin manya ne, su suka san abin da ya haɗa su, shi dai a ba shi canji. Aka yi dariya aka koma kan motoci. Mutum goma sha takwas a motar, ga koren kaki a wuyan mace, ba wanda ya tambaya. Ta ce a ranar ta gane ko gawar ce ta ɗauko a kafaɗa, matsa mata kawai za a yi ta zauna.

Ina kan kujerata a ƙofar gida, ga shagon mai aski a tsallaken titi, na hango ta. Ganinta a wannan lokaci na san ba lafiya ba. Ta durƙusa gefena ta faɗa min komai, ta ɗaga mayafi ta nuna min kwalar.

Ba zan ɓoye abin da na ce ba, don ni ban iya ƙarya ba ko a kaina. Na ce ta shiga ta tuɓe rigar mu ƙona ta a murhu, gobe in sa hulata in raka ta mu ba manaja haƙuri, ai tsufana ma ya isa a duba. Na ce ɗan kwangilar nan ba sa'anta ba ne, ba sa'an unguwar nan duka ba ne. Na ce a bar Mai Wanki da sa ranta, sa rai ma abinci ne. Na kawo mata labarin yaƙina, wanda duk gidan sun haddace, yadda na binne babban abokina da hannuna cikin ruwan harsashi ban zubar da hawaye ba.

Ta bari har na kai ƙarshe, kamar yadda take bari kullum. Sannan ta ce, "Baba, abokin nan naka, wa ya je ya faɗa wa uwarsa?"

Shekara hamsin ina ba da labarin nan, ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Uwar tana sayar da gyaɗa a tashar jirgi. Bayan na dawo na sha hango ta tana duba fuskokin masu saukowa, ni kuma in bi ta ɗaya ƙofar.

Surukata ba ta jira amsa ba, ta miƙe ta shiga. Na ɗauki sandata na bi ta, ba don komai ba sai don kada a ce babba na gida aka yi abu babu shi.

Mai Wanki na tsakar gida gaban bahonta, kumfa har gwiwar hannu. Surukata ta shiga ɗaki ta fito da rigar a ninke, ta durƙusa ta ɗora ta kan hannuwa biyu. Matar ta share hannunta a zani, ta karɓa, ta warware. Ba sunan ta fara dubawa ba. Hannun rigar ta juya, ta ga shuɗin zaren, ta riƙe shi. Sannan ta ɗaga rigar ga rana, haske ya ratso ta hujin ya sauka a fuskarta. Ta daɗe tana duban wani baƙi-baƙi da ya zagaye bakin hujin.

"Da ruwan zafi suka wanke," ta ce. "Ba a wanke jini da ruwan zafi. Kama zare yake."

Ta zubar da ruwan kayan mutane, ta ɗebo mai sanyi, ta jiƙa rigar ɗanta. Sai da hannunta ya shiga ruwan kukan ya zo, a hankali, tana cuɗawa tana yi. Surukata ta zauna a ƙasa kusa da ita tana miƙa mata sabulu. Na ga mutuwa iri-iri, na ga janar-janar da lambobi har ciki, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna daram kamar yarinyar nan ba, ga aikinta ya tafi, ga miji zai dawo ta yi masa bayani.

Da Mai Wanki ta matse rigar, ba a igiyar tsakar gida ta shanya ta ba. Waje ta fita, ga igiyar da take shanya barguna a bakin titi, ta baza ta da hannayenta dogaye, hujin na kallon hanya. Surukata ta ɗauko tsohon farin zanin gado da allura, ta zauna a dakali ta zazzage ƙyallayen. Ashirin da uku ne. Ta juya kowanne fuskarsa sama, ta fara ɗinka su a jere. Iska na ɗaga zanin, ta ce, "Baba, riƙe min bakin nan."

Na dubi titi. Motar 'yan sanda kan bi ta nan bayan la'asar, kowa ya sani. Na jawo kujerata na riƙe.

A shagon mai aski an fara kallon ƙwallo, mutane sun cika har waje, duk sun ba mu baya. Masu wucewa na wucewa. Wata ta tsaya ta tambayi Mai Wanki ko labulenta ya bushe. Wani mai babur ya rage gudu, ya duba, ya ƙara wuta. Muka rataye zanin kusa da rigar, na koma na zauna a ƙarƙashinsa da sandata a kan gwiwa, yadda nake zama gadi a zamanin da nake ni.

Aka ci ƙwallo, shagon ya kaure. Cikin hayaniyar wani mutum ya juyo don ya tofar da yawu, rabin kansa a aske, ƙyallen aski ɗaure a wuyansa. Idonsa ya faɗa kan zanin. Ya tsallako titi bai ko duba mota ba, ya tsaya yana bin layukan da yatsa, leɓensa na motsi. Mai aski na kiransa ya zo a ƙarasa, bai waiga ba.

"Baba," ya ce, "wannan na huɗu daga sama, a ina kuka samo shi?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba, don amsar da ta raya ni ke nan shekara hamsin. Surukata na dakali tana naɗe ragowar zarenta, ba ta ko ɗago ba.

Na nuna masa gefen dakalin da sanda.

"Zauna, ɗana," na ce. "Me yake a wurinka?"