Baƙin Baba Gola

"Ɗaga can! A'a, ba can ba, ɗaya gefen!" Baba Gola ne ke ba da umarni, ni da maigidana muna kokawa da katifar baƙinmu da ta maƙale a ƙofar falon Baba. Shi da ya kamata ya zauna ya huta, sai kewaya mu yake da tsintsiya a hannu.

"Baba, don Allah ka zauna," na ce.

"In zauna? 'Yata, mutanen nan suna hanya fa! Kin san rabona da su?"

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune, daga rediyo sai kujerarsa ta baranda. Sunan Gola tun ƙuruciya ya bi shi, lokacin da yake tsare wa ƙungiyar ƙwallon ma'aikatarsu raga. Abokansa uku na wannan ƙungiyar ne za su zo su yi masa mako guda.

'Yarsa, da ke aure a wani gari mai nisa, ta riga ta kira ni. "Yaya, amanarsa na ba ki. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Ban da gishiri, ban da wahala." Na ce mata kada ta damu.

Da tasi ta tsaya a ƙofar gida, wani gajere mai tumbi ne ya fara fitowa da sanda, ya ƙare wa Baba kallo sama da ƙasa.

"Kai, Rariya! Ashe kana nan?"

"Rariya gidanku! Kyaftin, wannan tumbin naka ne ko aro ka yi?"

Suka rungume juna, sanda ta faɗi. Sai Dogo ya fito a ranƙwafe kamar lauje, bayansa kuma Bahago, wanda kunne ya yi masa nauyi, don haka duk maganarsa ihu ce. Kafin su shiga ciki rabin layinmu ya leƙo.

Daga ranar gidan ya zama kasuwa. Da safe layin banɗaki, Kyaftin yana buga ƙofa da sanda yana cewa Dogo ya tare a ciki. Katifar ta yi wa Dogo kaɗan, sai da muka kara masa kujera ya ɗora ƙafafu. Munsharin Bahago kuwa har ɗakinmu, maigidana ya ce shi da farko ya zaci injin wuta suka tayar. A kan tagar falo suka jera kwalaben magungunansu, kowa da ɓangarensa, suna gasar wanda ya fi yawa. Kyaftin ne ya ci.

Ni ce mai girki, amma kwana biyu kawai na yi a kan mulki. Kyaftin ya ɗanɗana miyata ya ɓata fuska.

"'Yata, wa ya mutu a tukunyar nan?"

"Likita ne ya hana Baba gishiri."

"To mu me muka yi wa likita?"

Washegari ya ƙwace kicin, ya ƙona shinkafa har hayaƙi ya kore su waje. Suka zauna a baranda suna cin burodi da shayi, suna dariya har da hawaye. Yarana kuwa sun yi hijira, daga makaranta sai gidan Baba, in ba da jan kunne ba ba sa dawowa.

Gardamarsu ɗaya ce kullum. Bahago ya ce a duk zamansu Gola bai taɓa kama bugunsa ba. Baba ya ce ƙarya ce tsagwaronta. Dogo, da aka sa alƙali, ya ce shi ko abin da ya ci jiya ba ya tunawa.

Ranar Alhamis da la'asar na fito shanya, sai na ga Bahago da ƙwallon yarana a hammata, Dogo yana jera bokitai biyu a tsakar layi. Na sha gaban Baba.

"Baba, wallahi ba da ni ba. Me zan ce wa 'yarka?"

Ya dube ni, ya sassauta murya yadda sauran ba za su ji ba. "'Yata, tun da tsohuwar nan ta tafi kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Na gode, Allah ya yi muku albarka. Amma yau ɗaya ki bar ni in tsaya da ƙafata."

Can na ce, "Bugu ɗaya. Kuma ban da faɗuwa ƙasa."

"Bugu ɗaya ma ya ishe shi kunya!"

Mai shago ya bar shagonsa a buɗe, mai gyaran babur ya taho da sifana a hannu, mata suka cika ƙofofi. Baba ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafinsa, ya ɗan durƙusa tsakanin bokitan. Wallahi sai na ga kamar an zare masa shekaru. Kyaftin ya sa yatsu a baki ya yi fito. Bahago ya ja da baya, ya taho da ɗan gudunsa na agwagwa, ya ɗaga ƙafar hagu ya narka.

Takalminsa ne ya tashi sama. Baba ya cafke shi caraf a ƙirji, ƙwallo kuma ta gangara a hankali ta wuce ta gefen ƙafarsa.

Layi ya kaure da ihu. "Ta shiga! Ta shiga!" Bahago ke yi yana tsalle da ƙafa ɗaya. Baba ya ɗaga takalmin sama yana cewa, "Abin da ka bugo shi na kama!" Mai shago ya zauna a ƙasa riƙe da ciki. Ni kaina sai da na dafa katanga.

Da yamma 'yar Baba ta kira. Ya karɓe wayar daga hannuna ya ba ta labari da bakinsa, yana yi yana shaƙewa da dariya. Da ya miƙo mini ita na shirya shan faɗa. "Yaya," ta ce, "rabon da in ji wannan dariyar tun Mama na da rai."

Ran Asabar, ana gobe za su tafi, suka ci abincin rana suka baje a baranda. Ina jin su ta katanga, gardamar takalmi ce har yanzu. Na ji Baba ya ce bari ya ɗan runtsa, in sun gama ƙaryar su tashe shi. Suka ci gaba. Can na ji Kyaftin yana cewa, "Rariya, tashi ka faɗi gaskiya ko sau ɗaya." Ya sake faɗa. Daga nan ban ƙara jin komai ba.

Dogo ne ya zo ƙofata, hularsa a hannu. "'Yata, zo."

Baba yana kan kujerarsa, kansa ya ɗan karkata, hannu ɗaya a kan ciki. Kyaftin ya durƙusa yana riƙe da ɗayan, yana ta maimaita innalillahi. Bahago, wanda ban taɓa jin ya yi magana a hankali ba, ya ce da wata siririyar murya, "Ku bar shi mana, barci yake." Maigidana ya ɗauko likitan bayan layi. Ya duba, ya girgiza kai.

Ba su tafi ran Lahadi ba. Su suka ɗauke shi tare da mutanen layi, Kyaftin ya ba ni ajiyar sandarsa ya ce yau ba ya bukatarta. Da 'yar Baba ta iso na kasa haɗa ido da ita. Ta rungume ni muka yi kuka mai isarmu, sannan ta share fuska ta ce, "Yaya, da gaske takalmin ya kama?" Na ce da gaske. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Da safen da za su tafi na shiga kai musu shayi. Na tarar da Kyaftin da sauran biyun a bayan gida wajen igiyar shanya. Ashe wankin da suka yi tare ran Asabar yana nan, ba wanda ya tuna da shi. Ya sauke riguna huɗu, sun bushe ƙamas. Ya ninke ɗaya ya miƙa wa Dogo, ya ninke ɗaya ya miƙa wa Bahago, ya saɓa tasa a kafaɗa. Ta huɗun ya ninke ta a tsanake, ya gyara mata wuya, ya zauna a bakin dakali ya ɗora ta a cinya. A waje mai tasi yana ta danna hon.