Ƙwan da Uwar Tsigi Ba Ta Ci Ba

Da na ɗaga ta daga bakin bahon wanki, sai na ji kamar ƙunshin tsumma na ɗauka. Kumfa har gwiwar hannunta, leɓunanta sun bushe ƙamas.

"Uwar Tsigi, me kika ci yau?"

"Na ci, Iya."

"Ƙarya kike. Buɗe bakin in gani."

Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta.

Shekara tara muna gidan haya ɗaya, ƙofata na kallon tata. Wankin mutane take yi tun da mijinta, ɗan dako, ya rasu ya bar mata yarinya guda, siririya, muna ce mata Tsigi. Da ciwon ƙirji ya kama uwar, likita ya ce magani ba ya aiki a jikin da babu abinci. Shi ya sa kullum safiya nake dafa ƙwan da kazata ta saka, in miƙa mata.

Na kwantar da ita a katifa, na ce, "Ina ƙwan da nake kawo miki yake zuwa?"

Ta juya fuska bango. "Cikin Tsigi."

Sannan ta faɗa mini abin da ta ɓoye wata uku. Hedimasta ya cire sunan yarinyar daga masu zana jarrabawar fita firamare. Da ta je roƙo, a gaban malamai ya ce mata, "Ni na koyar da ubanta, shekara uku a aji ɗaya. Abin a jini yake. Ki koya mata wanki." Daga baya a layin asibiti ta ji wata nas tana cewa ƙwaƙwalwar yaro da abinci take girma, ƙwai da madara.

"Iya, jini dai ba zan iya canja mata ba. Amma ƙwai zan iya."

"To ke ba a yi ki da baki ba? Da kin faɗa, ai da biyu zan kawo!"

"Kaza ɗaya gare ki, Iya."

Na ja zani na lulluɓe ta, na ce zan je wurin hedimastan da kaina, ni da unguwa ke tsoron bakina.

Kwana huɗu ta ƙara. Da hantsi, Tsigi tana makaranta, ta riƙe mini gefen zani. "Kin je? Ya mayar da sunan?"

Ban je ba. Na ce, "Ya mayar." Allah ya yafe mini. Ta saki zanin, ba ta sake magana ba.

Mako guda bayan mun rufe ta na shiga ofishin hedimasta ba sallama. Yana shan shayi, fanka na kaɗa masa takardu.

"Iya, na ji rasuwar, Allah ya jiƙanta. Amma makaranta na da sunan da za ta kare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma kunkuru ba ya haifar barewa."

"Kai ba ɗan mai faskare ba ne?"

Ya ajiye kofin.

"Na san ubanka. Da babban yatsa yake sa hannu har ya mutu. A wane jinin ka tsinci alƙalami? Gwaggonka ce ta ɗauke ka, ta ciyar da kai sau uku a rana, ina gani. Shi wanda ka ce ya yi shekara uku a aji, ka taɓa tambayarsa me ya karya da shi? Ruwan famfo!"

"Iya, rage murya, akwai yara."

"Su ji! Ni ban yi boko ba, amma ko kaza in ba ka ba ta tsaba ba ta saka. Kalma ɗaya ka faɗa, mace ta cire abinci daga bakinta har ta mutu. Ni kuma na yi wa mai mutuwa ƙarya saboda kai. Ba zan tafi kabari da ita ba."

Na cire takalmi na zauna a ƙasa tsakiyar ofis, na miƙe ƙafa.

Malamar ajin Tsigi ce ta leƙo, murya ƙasa-ƙasa. "Ranka ya daɗe, wannan zangon ta zo ta tara. Cikin yara sittin."

Bai dube ta ba. Ya jawo takardar sunayen masu jarrabawa, ya yi rubutu a can ƙasa, ya buga hatimi. Haƙuri kuwa bai bayar ba, ni ma ban yafe ba. Na ce sai ya ba ni kwafi. Ya ba ni.

A hanya na yi ta juya takardar, ban san samanta da ƙasanta ba. Wa ya sani ko sunan wani ya rubuta don in bar masa ofis?

Na tarar da Tsigi a durƙushe bakin baho, tana ƙarasa wankin da uwarta ta bari, don masu kaya sun aiko.

"Ke, goge hannu. Nuna mini ke a nan."

Ta goge a siket, ta juya takardar daidai, ta bi layukan a hankali har ƙasa. Ta tsaya. Yatsanta ya yi fari, ya tattare da ruwa, ya bar ɗan danshi a jikin takardar.

"Ga ni nan, Iya."