Gaisuwar Hinde ta Kebbe

Bayan samun mulkin kai aka ɗauke ni daga kasuwar Tambuwal zuwa Kaduna, in riƙa yi wa yara wasan 'yan tsana a talabijin. Kowace Asabar ɗan tsanana Gajere yakan ɗaga hannu ya ce, "Ina gaida Hinde ta Kebbe!"

Hinde ɗiyata ce, shekarunta bakwai. A Kebbe ko lantarki babu, balle talabijin. Ban damu ba, don na ɗauka abin irin majigi ne, wata rana zan kai mata faifan ta gani a bangon makaranta.

Da saƙo ya zo cewa ƙyanda ta kwantar da ita, na ruga wurin mai kyamara na ce ya ba ni faifan.

Ya ce, "Wane faifai, Bube? Kai tsaye muke watsawa, ba a ajiye komai."

Na zage shi tas, bawan Allah, alhali ba laifinsa ba ne.

Da na isa Kebbe, na iske an kwana biyu da binne ta. Har yau masu furfura kan tare ni suna dariya, su ce, "Ina Hinde ta Kebbe?" Duk sun ji gaisuwar. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ji ba.